Numfashin Inji da Haƙƙin Majinyaci

Ranar 19 ga Yulin 2025 aka sanar da rasuwar Yarima Alwalid bin Khalid bin Talal a birnin Riyad, wanda jaridu suka daɗe suna kira "yarima mai barci". Yana ɗan shekara 15 ya yi haɗarin mota a Landan a 2005, jini ya zuba masa a ƙwaƙwalwa, kuma tun daga ranar bai sake dawowa hayyacinsa ba har Allah ya karɓi abinsa. Shekara 20 yana kwance, inji na taya shi numfashi, abinci na shiga ta roba. Mahaifinsa ya ƙi yarda a cire na'urorin, yana mai sa rai Allah zai tashi kafaɗar ɗansa. Lokaci zuwa lokaci dangi kan fitar da ɗan gajeren bidiyo, a ga yatsa ya ɗaga, jama'a su yi ta kabbara.

Da labarin rasuwar ya iso mana, yabon mahaifin muka yi, kuma ya cancanci yabo. Sai dai a ƙarƙashin yabon akwai wani hukunci da ba a furta ba, wato duk uban da ya zaɓi wata hanya daban imaninsa ne ya yi rauni, ko kuwa ya gaji da ɗansa. Wannan hukuncin ne ban yarda da shi ba, domin akwai wani uban da ya tsaya a irin wannan matsayi ya zaɓi akasin haka, kuma babu mai iya cewa bai so ɗansa ba.

Ranar 15 ga Afrilun 1989 aka yi turmutsitsi a filin wasa na Hillsborough da ke Sheffield a Ingila, magoya bayan Liverpool da dama suka mutu. Cikin waɗanda aka danne akwai wani saurayi ɗan shekara 18 mai suna Tony Bland. Haƙarƙarinsa ya karye, huhunsa ya huje, iska ta yanke wa ƙwaƙwalwarsa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska. Minti huɗu zuwa shida ya isa ta fara lalacewa. Bland ya rayu, yana numfashi da kansa, idonsa na buɗewa, amma hotunan kansa sun nuna ɓangaren da ke tunani da ji da gane mutane ya lalace gaba ɗaya. Likitansa da iyayensa suka amince a daina ba shi abinci ta roba da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Aka gargaɗi likitan cewa in ya yi haka ana iya tuhumarsa da kisan kai, sai asibitin ya garzaya kotu. A Fabrairun 1993 kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani, wato alƙalan Majalisar Dattawa, ta yanke cewa dakatar da maganin da ba ya amfanar majinyaci ba kisa ba ne, ta kuma ƙidaya ciyarwa ta roba cikin magani. Ranar 3 ga Maris na shekarar ya cika, yana da shekara 22.

Kafin a ce wane ya yi daidai wane ya yi kuskure, dole a warware wani ruɗani da ke bakinmu. Mu duk wanda ya kwanta ba ya magana, "doguwar suma" muke cewa. A wurin likitoci kuwa halaye ne daban-daban, kuma hukuncin kowanne ba ɗaya ba ne.

Doguwar suma ta ainihi ita ce ido a rufe, ba farkawa, ba amsawa. Ba ta cika wuce mako biyu zuwa huɗu ba. Daga nan ko mutum ya farfaɗo, ko ya rasu, ko ya shiga wani hali na daban mai karya zuciya: ido ya buɗe, ya yi barci ya farka, ya yi hamma, wani lokaci har hawaye ya zubo ko fuska ta yi kamar murmushi, amma babu alamar ya san kansa ko ya san wanda ke gabansa. Wasu likitoci biyu, Bryan Jennett da Fred Plum, su suka fayyace wannan hali a 1972. Dalilinsa shi ne tushen ƙwaƙwalwa, wanda ke haɗe da lakar gadon baya yana kula da numfashi da farkawa, yana nan da ransa, saman ƙwaƙwalwa ne ya tafi. Halin Tony Bland ke nan. Sama da wannan kaɗan akwai masu ɗan burbushin hayyaci: yau su bi mutum da ido, gobe su matse hannu in an ce su matse, jibi shiru.

Mutuwar ƙwaƙwalwa wani abu ne can daban. A nan har tushen ya mutu. Wani kwamiti na jami'ar Harvard ne ya fara tsara ƙa'idojin gane ta a 1968, bayan da injin numfashi ya haifar da majinyatan da duniya ba ta taɓa gani ba. Gwajin ba na gaggawa ba ne. Sai an tabbatar ba maganin sa barci ko tsananin sanyin jiki ne ya kwantar da mutum ba. Sannan a haska fitila a ido a ga ko ƙwayar za ta tsuke, a taɓa idon da auduga a ga ko zai ƙifta, a zuba ruwan sanyi a kunne a ga ko ido zai juya, a taɓa maƙogwaro a ga ko zai yi tari. Daga ƙarshe a raba shi da injin na wasu mintuna, ana ba shi iskar oksijin, a jira ko ƙirji zai yi yunƙurin jan numfashi ko sau ɗaya. In babu ko ɗaya, to injin ne ke hura huhu, zuciya kuma tana bugawa ne saboda tana da nata tsarin da ke tafiya muddin iska na zuwa mata. Jiki da ɗumi, fata da kyau, har ƙafa kan zabura saboda lakar baya. Uwar da ke riƙe da wannan hannun mai ɗumi, yaya za a yi ta yarda ɗanta ya tafi?

Malaman Musulunci ba su yi barci a kan wannan ba, ko da yake fatawoyinsu ba su iso majalisunmu yadda ya kamata ba. A 1986 Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Amman ta ƙasar Jodan, ta yanke cewa ana ɗaukar mutum ya mutu da ɗayan abu biyu: ko zuciya da numfashi su tsaya tsayawar da likitoci suka tabbatar ba dawowa, ko dukkan ayyukan ƙwaƙwalwa su tsaya, ƙwararru su tabbatar ba dawowa, ta kuma fara ruɓewa. A wannan hali ya halatta a ɗauke na'urori ko da zuciya na bugawa. Shekara ɗaya bayan haka, a 1987, Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya da ke Makka, ta duba mas'alar. Ita ma ta halatta ɗauke na'urorin in ƙwararrun likitoci uku suka tabbatar, amma ta ce ba za a yi masa hukuncin mamaci ba sai zuciya da numfashi sun tsaya bayan an ɗauke. Saɓanin yana da nauyi, domin a kansa ne za a san ranar da matarsa za ta fara takaba, da wanda ya gaji wani in wani magaji ya rasu a tsakanin kwanakin. Amma a lura da inda majalisun biyu suka haɗu: ba wajibi ba ne a ci gaba da hura huhun wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu. Kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya ma ya ba da fatawa a ƙarshen shekarun 1980 cewa in amintattun likitoci uku suka ce farfaɗo da zuciyar wani majinyaci ba zai yi amfani ba, babu laifi a bar danna masa ƙirji.

Asalin wannan ba baƙo ba ne a fiƙihu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni da neman magani. Shi ne kuma ya ba matar nan mai farfaɗiya zaɓi, ko ta yi haƙuri ta sami Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri. Daga irin waɗannan nassoshi malamai suka fahimci cewa magani kan zama wajibi in ana kyautata zaton zai ceci rai, ya kan sauko zuwa halal kawai in amfaninsa ya zama abin shakka. Abin da babu saɓani a haramcinsa shi ne a yi wa mara lafiya allurar da za ta kashe shi, ko da shi ya roƙa, ko da tausayi ne ya sa. In magani aka dakatar, cuta ce ta kashe shi bayan an janye hannun da ke jinkirta ta. In allura aka yi, hannun mutum ne. Akwai masana falsafa da ke cewa bambancin nan wasa da kalmomi ne tunda ƙarshen duka mutuwa ce. Ni ban gamsu da su ba. Duk wanda ya taɓa jinya ya san akwai tazara mai nisa tsakanin daina kokawa da ajali da kuma kiransa.

Inda ƙafa ke sarƙewa shi ne abinci da ruwa, kuma a nan ne shari'ar Bland ta rabu da abin da zuciyar akasarinmu za ta ɗauka. Hujjar alƙalan Ingila ita ce robar da aka zura ta hanci ko aka huda ciki aka sa, aikin likita ce, tana da illolinta, saboda haka magani ce kamar kowane magani. Amurka ma ta bi wannan hanya. Wata mata mai suna Terri Schiavo ta faɗi a gidanta a jihar Florida a 1990, zuciyarta ta tsaya na ɗan lokaci, ta shiga irin halin Bland. Mijinta ya ce ta taɓa gaya masa ba za ta so a riƙe ta haka ba, iyayenta suka ce sam, tana gane su. Rigimar ta kai majalisar dokokin ƙasar, har Shugaba George Bush ya sa hannu a wata doka saboda ita kaɗai. Kotuna suka goyi bayan mijin, aka cire robar ranar 18 ga Maris na 2005, ta rasu ranar 31 ga watan. Binciken gawa ya nuna ƙwaƙwalwarta ta tsuke zuwa kusan rabin nauyin da ya kamata. Wannan bai haɗa kan iyalin ba.

A ɗaya gefen, Fafaroma John Paul na Biyu ya ce a 2004 ba da abinci da ruwa, ko ta roba ne, kulawa ce ta yau da kullum wadda ba a hana ɗan'adam. Akasarin malaman Musulunci da suka tattauna mas'alar nan ma can suka karkata. Wanda ya taso yana jin hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da wuya a shawo kansa ya ga hana ɗansa ruwa a matsayin jinƙai. Ni ma ina wannan gefen, kuma ba don addini kaɗai ba. Ina da dalili na biyu, daga cikin ilimin likitancin kansa.

A turmutsitsin nan na Hillsborough akwai wani matashi, Andrew Devine, ɗan shekara 22, wanda shi ma aka ce ya shiga halin da ba dawowa. Iyalinsa suka ci gaba da jinyarsa. A 1997 aka bayyana cewa ya fara amsa tambayoyi ta hanyar taɓa wata 'yar na'ura. Bai warke ba, bai tashi ya yi tafiya ba, amma ya rayu shekara 32 bayan haɗarin, ya rasu a 2021, aka ƙidaya shi mutum na 97 da turmutsitsin ya kashe. Fili ɗaya, rana ɗaya, suna ɗaya aka ba cutarsu, amma abin da ke cikin kawunansu ba ɗaya ba ne. Bincike fiye da ɗaya ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda aka ce ba su san komai ba, in aka yi musu gwajin tsanaki sai a tarar da burbushin hayyaci. A 2006 masani Adrian Owen da abokan aikinsa a Cambridge suka sa wata budurwa 'yar shekara 23 cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, suka ce mata ta raya a ranta tana buga wasan tanis. Jikinta ko motsi bai yi ba, amma sashen ƙwaƙwalwar da ke tsara motsi ya kama aiki daidai yadda na mai lafiya ke yi. Da suka ce ta raya tana zagaya ɗakunan gidansu, wani sashen daban ya ɗauka. Tana jin su. A 2024 wani babban bincike ya gwada majinyata 241 da ba sa amsa umarni a zahiri, aka sami 60, wato ɗaya cikin huɗu, ƙwaƙwalwarsu na amsawa a ɓoye.

Kada a ɗauki wannan a yi gaba da shi fiye da inda ya tsaya. Bai shafi wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu ba, in dai an yi gwajin yadda ya dace. Kuma jin magana a ɓoye ba alkawarin tashi ba ne. Labaran waɗanda suka yi magana bayan shekaru, irin Terry Wallis na Amurka da ya buɗe baki a 2003 bayan shekara 19, suna yaɗuwa ne saboda ƙarancinsu. Abin da binciken ya koya mana shi ne mu rage gaggawar cewa "ba ya ciki". In asibitocin da ke da kayan aiki na zamani suna kuskure haka, ina ga inda hoton kai ɗaya ma sai an yi tafiyar sa'o'i an kuma sayar da akuya? Shi ya sa nake ganin a bar wa majinyaci abincinsa da ruwansa muddin jikinsa na karɓa, a yi magana a gabansa kamar yana ji, a ba shi maganin ciwo in fuskarsa ta nuna wahala. Amma ba dole ba ne duk lokacin da ƙirjinsa ya cushe a mai da shi kan inji, ko zuciyarsa ta tsaya a hau danna ta har ƙashi ya karye. Ana iya janye magani. Jinya ce ba a janyewa.

Duk wannan muhawara ta masu hali ce, wani zai ce, kuma da gaskiyarsa. Gidan sarautar Saudiyya na iya riƙe gado shekara 20. Asibitin Bland gwamnati ke biya. A Najeriya sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye, gadajen ɗakin kulawa ta musamman kuma ba su taka kara sun karya ba. Saboda haka mu ma muna yanke irin wannan hukunci kullum, sai dai aljihu ne ke yanke mana, kuma a cikin shiru.

Na ga haka da idona. Ɗan maƙwabcinmu ne ya faɗo daga babur ba hular kwano, aka kai shi wani babban asibiti aka sa shi a inji. Dangi suka shimfiɗa tabarmi a baranda, kulolin abinci a jere ba mai iya ci. Kowace safiya a miƙo takardar magani, yayansa ya karɓa ya fita yana buga waya. Aka sayar da babur ɗin, aka jinginar da gona. In an bar mahaifiyarsa ta shiga, sai ta jiƙa auduga da zamzam ta shafa masa a leɓe, ta tofa masa addu'a a goshi, in ƙafarsa ta zabura ta fito da murna tana cewa ya ji muryarta. Duk wanda suka tambaya amsa ɗaya ce: "Muna iya ƙoƙarinmu, ku ci gaba da addu'a." Babu wanda ya zaunar da su ya ce ga halin da yake ciki, ga abin da ake tsammani. Da kuɗi suka ƙare, yayan ya ce a ba su shi su koma gida. Aka ba shi takarda ya sa hannu cewa da kansu suka ɗauke shi. Ko ƙofar asibitin ba su kai ba ya cika a cikin mota. Har yau in maganar ta taso, yayan kan sunkuyar da kai ya ce, "Ni na sa hannu."

Wannan nauyi bai kamata a bar wa mutum ɗaya ba. Ina fahimtar abin da ke ɗaure harshen likita. Yana tsoron a ce ya yanke ƙauna daga rahamar Allah, yana tsoron fushin dangi, majinyata sun yi masa yawa, kuma al'adarmu ba ta son mai kawo mugun labari. Cuta ba mutuwa ba ce, in ji mu. Doka ma ba ta share masa hanya sosai ba. Kashe majinyaci don tausayi laifi ne a dokokin Najeriya, kudu da arewa. Kotun ƙolin Najeriya a shari'ar Dakta Okonkwo ta 2001 ta tabbatar wa baligi mai hankali haƙƙin ƙin karɓar magani, amma wanda ke kwance ba ya magana ba zai iya amfani da wannan haƙƙi da bakinsa ba. Duk da haka, "sai addu'a" ba bayani ba ne. Addu'a da gaskiya ba kishiyoyi ba ne. Likita na iya cewa, "Baba, rai na hannun Allah, amma iliminmu ya nuna ƙwaƙwalwar yaron nan ta daina aiki, injin ne ke numfashi, mun gwada mu uku." Da wannan magana, mai gona zai san ko ya sayar ko ya bar wa marayu. Gadon kuma zai iya zuwa ga mai jegon da ta zubar da jini, wadda kwana biyu a kan injin zai mai da ita ga jaririnta. Raba abin da ya yi ƙaranci bisa adalci shi ma haƙƙi ne da za a tambaya.

Sai batun wa ke da ta cewa. A gidajenmu yawanci wanda ya fi shekaru ko wanda ke biyan kuɗi shi ke yanke magana. Matar da za ta riƙa juya shi duk bayan sa'a biyu don kada gyambon kwanciya ya ci bayansa, ta dama kunu ta tace ta ɗura ta roba, ta wanke shi ta sauya zanen gado shekara da shekaru, sau da yawa tana bayan labule ana shawara. Ita ce kuwa ta fi kowa sanin abin da ya taɓa faɗa da dare, ranar da suka dawo daga dubiyar wani, ko ya ce "ni dai kada a wahalar da ni" ko ya ce "ku yi mini duk abin da za ku iya". Tambayar da ta dace a wurin shawara ita ce me shi zai so, ba me za mu iya jurewa ko me mutane za su ce ba. Mun saba da wasiyya a kan bashi da dukiya da wanda zai yi mana salla, amma ba mu saba faɗin yadda muke so a yi jinyarmu in harshe ya ɗauke ba. Rigimar gidan su Terri Schiavo ta yi shekaru a kotu ne saboda ba ta bar komai a rubuce ba.

Mahaifin Alwalid yana da hali, ɗansa kuma na nuna 'yan alamu, ya zaɓi jira. Babu fatawar da ta hana shi, babu kuma wadda ta wajabta wa mai ƙaramin ƙarfi ya yi koyi da shi. Yayan nan na unguwarmu bai taɓa jin labarin zaman Amman ko na Makka ba sai bayan shekaru, da muka zauna da wani malami da ya karanta masa su. Ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya roƙi malamin ya je gida ya maimaita wa mahaifiyarsu.